Nauyin Mama da Rigar da Ta Dace da Maijego

Idan haihuwa ta ƙarato, akan ga gida ya ɗauki harama. A tanadi kayan jariri da zannuwan goyo, a sayi itacen wanka, a ajiye gero da kanwa domin kunu. Abin da ba kasafai ake sa shi cikin lissafi ba shi ne rigar mama, wadda wasu ke kira bireziya. Kunya ce ke hana a yi zancenta, har tsakanin uwa da 'yarta. Amma ga mace mai manyan mama wannan 'yar riga tana da hannu a lafiyarta, tana kuma da hannu a dorewar shayarwar da za ta yi wa ɗanta.

Kafin a gane dalili sai an san yadda ginin mama yake. Mutane da yawa suna zaton tsoka ce, alhali kuwa babu tsokar da ke ɗauke da shi. Tsokar ƙirji tana can ƙasa, mama yana zaune ne a bisanta. Abin da ke cikinsa shi ne kitse, da ƙwayoyin da ke haɗa ruwan nono, da 'yan hanyoyin da ke kai ruwan zuwa kan mama. Abubuwa biyu ne kawai ke riƙe da wannan kaya duka: fata, da wasu siraran zaruruwa da suka ratsa cikinsa, waɗanda wani likitan fiɗa na Ingila mai suna Astley Cooper ya bayyana su a shekarar 1840, har yau kuma da sunansa ake kiran su. Yawanci kitse ne ke bambanta babban mama da ƙarami, shi ya sa girma ba ya nuna yawan ruwan da mace za ta samar. Nauyi kawai yake ƙara mata.

Nauyin kuwa ba a wuri ɗaya yake tsayawa ba. Tun ciki yana ƙarami ƙwayoyin nono suke soma yaɗuwa, jini ya ƙaru a wurin. Haƙarƙari ma yakan buɗe, har kewayen ƙirji ya ƙaru da santimita 5 zuwa 7. Da zarar mabiyiya ta fita, sinadarin furojestaron ya faɗi, sai furolaktin ya sami damar aikinsa. Daga nan, tsakanin kwana na 2 da na 4, dakashi ya fara komawa nono sosai, mama ya cika ya yi tauri. Uwar da ke ba da nono zalla tana samar da kimanin kashi uku cikin huɗu na lita a kowace rana. Ke nan mama ɗaya yana canza girma sau da yawa tsakanin safe da dare, gwargwadon tsotson da aka yi.

A shekarar 2005 wasu masana na Jami'ar Yammacin Ostareliya, cikinsu har da Farfesa Peter Hartmann, suka duba maman mata masu shayarwa da na'urar hoton ciki. Sun tarar da cewa manyan hanyoyin nono ba su kai 15 zuwa 20 da tsofaffin littattafai suka daɗe suna faɗa ba. Kimanin 9 ne a kowane mama. Abin da ya fi muhimmanci a nan shi ne hanyoyin suna kusa da fata, kuma ɗan danni kaɗan yake toshe su. Wannan ita ce tsaka mai wuyar da mai manyan mama take ciki. In ta bar shi babu tallafi, nauyi ya rinjaye shi ƙasa, ruwan jiki ya taru ya kumbura shi, wuya da gadon baya su ɗauki ciwo. In kuma ta matse shi da ƙaramar riga ko ta tamke ɗaurin ƙirji a kansa, nono ya kasa gudu a inda aka danne, wurin ya yi gudaji mai zafi. Daga gudaji ake zuwa ciwon mama mai haɗe da zazzaɓi, wanda kan sa wasu iyaye su yaye jariri tun lokaci bai yi ba. Saboda haka ne wata ƙungiyar likitocin shayarwa mai cibiya a Amurka, a ƙa'idojin da ta sabunta a 2022, ta sa riga mai tallafi wadda ta yi daidai da jiki cikin matakan kula da wannan ciwo.

To, yaya ake gane wadda ta yi daidai? Kuskuren da aka fi yi shi ne dogara ga igiyoyin kafaɗa. Maɗaurin da ya kewaye ƙirji a ƙarƙashin mama shi ya kamata ya ɗauki yawancin nauyin, kamar yadda zanen goyo yake ɗaukar yaro daga ƙasa. Idan maɗaurin ya yi sako-sako, sai ya haye sama ta baya, nauyi ya koma kan igiyoyi, su nutse cikin kafaɗa su bar shaida. Mai manyan mama tana bukatar maɗauri mai faɗi, mai maƙalai uku ko huɗu, da igiyoyi masu faɗi waɗanda ba sa talewa sosai.

Awon ba shi da wuya, tef ɗin tela ya isa. A auna kewayen ƙirji a ƙarƙashin mama da inci, wannan shi ke ba da lambar. A sake aunawa ta inda mama ya fi tudu. Kowane inci guda na bambanci harafi guda ne: inci 4 shi ne D, 5 kuma DD, sannan E da F bisa tsarin Ingila. Harafin ba shi da ma'ana shi kaɗai, domin ƙoƙon 36D daidai yake da na 38C da na 34DD. A nan ne mata da yawa ke faɗawa tarko. Idan aka rasa babban harafi a wurin mai kaya, sai a ba su babbar lamba a madadinsa, mama ya shiga ƙoƙo amma maɗaurin ya kasa riƙe komai. Kamfanoni kuma sun sha bamban a awonsu, don haka gwaji ne alƙali: mama ya shiga gaba ɗaya, kada ya ɓullo ta sama ko ta hamata, yatsu biyu su iya shiga ƙarƙashin maɗaurin.

Mai waya a ƙasan ƙoƙo gara a ajiye ta a makonnin farko, lokacin da girma ke hawa da sauka, domin wayar da ta hau kan nama tana danne hanyoyin nan. A nemi wadda ƙoƙonta ke buɗewa da hannu ɗaya ya sauka gaba ɗaya. Ɗage rigar yau da kullum sama a bar ta tokare a kan mama yayin da yaro ke tsotso danni ne shi ma. Yadin auduga ya fi na roba da mai soso, musamman da bazara, saboda gumin da ke kwanciya a ƙarƙashin babban mama yakan sa fata ta saɓule ta yi ƙaiƙayi. Ta gwanjo tana da araha, sai dai sau da yawa robar maɗaurinta ta riga ta mutu. Wadda aka saya a watan ƙarshe na ciki ya kamata ta zauna a maƙalin ƙarshe na waje, don a riƙa tsuke ta yayin da haƙarƙari ke komawa. Biyu ko uku sun wadatar, a wanke wata a sa wata.

Akwai kuma tsoron da ke hana wasu matasan iyaye ba da nono, wai shi ke zubar da mama. Binciken da likita Brian Rinker da abokan aikinsa suka buga a 2008 daga Jami'ar Kentaki bai sami laifin shayarwa ba. Abubuwan da ya gano su ne shekaru, da yawan cikin da aka ɗauka, da ƙiba, da girman mama tun asali, da shan taba.

Idan gudaji ya fito, kada a murza shi da ƙarfi. A sassauta rigar, a ɗora tsumma mai sanyi, a ci gaba da ba yaro nono kamar yadda ya saba. Amma in wurin ya yi ja da zafi, ga zazzaɓi da rawar sanyi, har aka kwana aka wuni babu sauƙi, to a garzaya asibiti.