Mai garka da matuƙin jirgin teku: injinka, kai ne makanikensa na farko

Damana ta wuce, an ɗaure gero an kai rumbu. Yanzu aiki ya koma gulbi. Tun daga Jiratawa har Tsibiri, da asuba ba a jin komai sai ƙarar injunan ban ruwa. Masu garka sun dasa tumatir da albasa da tattasai da kabeji, zogala kuma tana jiran yanka.

Gulbin Maraɗi ba ya gudu sai da damana. Daga Najeriya yake fitowa, ya bi ta ƙasar Madarumfa, ya ratsa gefen Maraɗi da Tsibiri da Gidan Rumji, sannan ya sake komawa Najeriya. Da rani ruwan yana ɓoye ƙarƙashin rairayi. Iyaye da kakanni da guga da jigo suka jawo shi. Guga in ta yage, baduku yana cikin gari. Inji ba haka yake ba. In ya tsaya a tsakiyar bazara, sai a ɗora shi a kan amalanke ko babur a kai Maraɗi, a bi layi wurin makanike, a nemi kayan gyara a kasuwa. Kwana uku sun tafi. Dashen tumatir kuwa ba ya jiran kwana uku cikin zafin watan Afirilu. Kuɗin iri da na taki da bashin da aka ci, duk suna cikin garkar nan.

Akwai wasu mutane a duniya da suka fi mai garka nisa da makanike, kuma labarinsu yana da amfani a nan. Su ne masu yawo a teku cikin ƙananan jiragen ruwa masu zane. Jirgin yana da dogon itace ko ƙarfe a tsaye, an ɗaura masa babban zane, iska na bugun zanen tana tura jirgin. Tsawon irin wannan jirgi bai cika wuce mita 10 ko 12 ba. Mutum biyu ko uku ne a ciki, wani lokaci ma mutum ɗaya. Masu tashi daga tsibiran Kanari, yamma da ƙasar Maroko, su ƙetare tekun Atilantika zuwa tsibiran da ke kusa da Amurka, suna cin kilomita wajen 5000. Sati uku suke yi ba su ga ƙasa ba.

Wani Bature ɗan Ingila mai suna Robin Knox-Johnston ya tashi ranar 14 ga Yuni 1968 cikin jirginsa na katako mai suna Suhaili. Ya kewaye duniya shi kaɗai, bai tsaya a gaɓar kowace ƙasa ba, ya dawo gida ranar 22 ga Afirilu 1969. Kwana 312 ke nan. Tun farkon tafiyar jirgin ya fara yoyo daga ƙasa. Ba wanda zai kira. Shi da kansa ya nutsa ƙarƙashin jirgin a tsakiyar teku ya toshe kafar.

To, mene ne a cikin irin jirgin nan na yau? Ƙaramin inji mai shan gazuwal, don ranar da iska ta kwanta. Famfo mai kwashe ruwan da ya shigo. Tiyo iri-iri. Batir, da farantin sola mai cika shi. Wanda ya san gulbi zai ga ba baƙon abu a ciki: kayan garka ne aka ɗora bisa ruwa. Bambancin yana wurin hali. Matuƙin jirgi yana duba injinsa kullum tun yana lafiya. Mai garka kuwa, sau da yawa, ba ya tunawa da inji sai ranar da ya ja igiya har kafaɗa ta gaji.

Abu na farko da matuƙin jirgi ke yi kafin ya tada inji shi ne duba baƙin mai. Haka ya kamata a yi a garka kowace safiya. A ajiye inji a wuri mai daidai, kada ya karkata. A buɗe murfin mai, a goge ma'aunin, a mayar, a sake fitarwa a gani. In ya ragu a ƙara. Aikin bai kai minti biyu ba. Ƙananan injunan da suka fi yawa a gulbi, irin Honda GX160 da masu kama da shi na ƙasar Sin, abin da suke ɗauka ya ɗan wuce rabin lita kaɗan. Inji kuwa in ya yi aiki ba mai, ƙarfe yana cin ƙarfe, ya yi zafi ya kame. Gyaran da ke biyo baya yakan kusa kai kuɗin sabo.

Ƙara mai daban, canza mai daban. Masu ƙera injin sun ce sabon inji a zubar masa da mai bayan awa 20 na farko, daga nan kuma duk bayan awa 100. A nan ne yaƙi da jahilci yake biyan wanda ya yi shi. Kowane jirgin teku yana da littafi, matuƙi yana rubuta awowin da inji ya yi da ranar da aka canza mai. Mai garkar da ya koyi rubutu da lissafi zai iya yin haka da ƙaramin littafin ƴan makaranta. Misali, wanda ke ban ruwa awa 4 kowace rana, awa 20 za su cika masa cikin kwana 5, awa 100 kuma cikin kwana 25. Ke nan kusan duk wata sai ya canza mai. Wanda ba ya rubutawa sai ya ce ai kwanan nan aka canza, alhali tun kafin azumi ne. A zubar da tsohon mai lokacin da inji ke da ɗumi, don ya fito da dattin duka. Kada a zubar da shi kusa da rijiya. Kada kuma a sayi man da aka tatso daga mota aka sake durawa a kwalba don yana da araha.

Matuƙin jirgi gishirin teku ne abokin gabansa. Mai garka nasa ƙura ce. Da hunturu, in hazo ya sauko, inji yana shaƙar ƙura yini guda. Akwai mataci na soso a bakin hanyar iska. Takardar inji ta ce a wanke shi bayan awa 50, amma ta ƙara da cewa a wuri mai ƙura a yi ta wankewa fiye da haka, kuma ƙasar Maraɗi da rani tana cikin irin wuraren nan. A wanke soson da ruwa da sabulu, a shanya ya bushe sarai, a ɗiga masa baƙin mai kaɗan, a matse, a mayar. In matacin na takarda ne ba a wanke shi, kakkaɓewa ake yi. Wasu in soso ya toshe sai su cire shi su jefar, su ga inji ya ƙara ƙarfi, su yi murna. Murnar ba ta kai kaka. Rairayin da ya shiga ciki yana goge cikin inji kamar yadda ake goge ƙwarya.

Sai maganar esansi. Kowa ya san ƴan ruwa-ruwa da kwalabensu a bakin hanya, kuma ba kowa ke da gidan mai kusa da garkarsa ba. Man kwalba yakan zo da ruwa ko laka. A tace shi da tsumma mai tsabta kafin a zuba. A ƙarƙashin kafireto akwai ɗan kofi da ƙusa, a riƙa kwancewa ana zubar da abin da ya kwanta. Yawancin injunan da ake kaiwa Maraɗi wai sun mutu, lafiyarsu ƙalau: ko datti a kafireto, ko buji ya yi baƙi. Buji, wanda a Najeriya ake kira fulogi, a kwance shi a goge bakinsa. Tazarar bakin ba ta kai milimita 1 ba, tsakanin 0,7 da 0,8 take. Kada a zuba esansi inji yana aiki, ko kusa da mai shan taba.

Wajen famfo kuwa, jirgi da garka darasinsu ɗaya ne. Injin jirgi da ruwan teku yake sanyaya kansa. Akwai rariya mai tare ciyawa, akwai ƴar farfela ta roba mai jawo ruwan. Da matuƙi ya tada inji sai ya leƙa baya ya ga ko ruwa yana fita. In bai gani ba sai ya kashe nan take, don farfelar roba in ta juya a bushe tana ƙonewa cikin ƴan mintoci. Famfon garka farfelarsa ta ƙarfe ce, amma bayanta akwai wani zobe mai hana ruwa yoyo zuwa wajen inji, kuma ruwa ne ke sanyaya zoben. Saboda haka ba a tada inji sai an cika cikin famfo da ruwa ta murfin sama. In an tada, an jira kaɗan, ruwa bai fito ba, a kashe a duba. Ƙara wuta ba ya kawo ruwa.

Me ake dubawa? Tiyon da ke shiga rijiya. In ya tsage ko ɗaurinsa ya saki, iska yake sha a maimakon ruwa. Wanda ya taɓa zuƙar ruwa da kara mai huji a gefe ya san yadda abin yake. Robar tsohuwar tayar keke tana ɗaure baki ta toshe kafa, har a samu sabon tiyo. Rariyar bakin tiyo kada a cire ta, kuma kada ta kwanta cikin rairayin gindin rijiya, don rairayi yana cinye farfela.

Akwai kuma iyaka da ba gyaran da ke wuce ta. Famfon da ke zaune a sama ba ya zuƙo ruwan da zurfinsa ya wuce mita 7 ko 8, wato kamar gaba huɗu, komai sabuntarsa, komai tsadarsa. Ruwan gulbi yana sauka ƙasa yayin da rani ke tsufa. Kuma tun da aka gina madatsar ruwa ta Jibiya a jihar Katsina, wajen 1990, ana tare wani kashi na ruwan da ke gangarowa. Mai garka in ya ga injinsa yana jan ruwa da ƙyar a watan Mayu, ya fara auna zurfin rijiya da igiya kafin ya zagi inji.

Dabarar da aka saba ita ce a haƙa rami kusa da rijiya a sauke inji ciki don ya kusanci ruwa. Dabara ce mai aiki, amma a nan rai yake shiga haɗari. Hayaƙin inji yana ɗauke da wata guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari. A fili iska na kwashe ta. A cikin rami taruwa take yi. Mutum yana jin ciwon kai da jiri, ƙafafu su mutu, ya faɗi bai iya kiran kowa ba. Masu jiragen teku suna tsoron gubar nan ƙwarai, don ɗakin jirgi ma rufaffen wuri ne. Rami ya zama mai faɗin baki. A sa bututun ƙarfe ya fitar da hayaƙi sama. Kada a zauna a ciki inji yana aiki, kada a aiki yaro ya sauka. In wani ya faɗi a rami, kada ɗan'uwansa ya diro a guje, don shi ma faɗuwa zai yi. A kashe inji tukuna, a kaɗa iska ciki da tabarma ko zane, mai sauka a ɗaura masa igiya a ƙugu, mutane suna riƙe a sama. Wanda aka fitar a shimfiɗa shi a iska, a kai shi likita ko da ya farfaɗo.

A Jiratawa lamarin ya ɗan bambanta. Gandun noman rani na can, wanda aka shirya a farkon shekarun 1980 kuma hukumar ONAHA ke kula da shi tare da ƙungiyoyin manoma, ya ɗan wuce hekta 500 a lokacin da aka shirya shi. Famfunansa suna cikin rijiyoyin foraji, da wutar lantarki suke aiki, kuma famfo ɗaya yana shayar da gonakin mutane da yawa. Irin wannan ba a taɓa shi da sifanar gida, aikin masu sani ne. Abin da ke hannun manomi shi ne yashe magudanar ruwa, da kai rahoto da wuri in famfo ya canza murya, da biyan kuɗin ruwa a kan lokaci, don daga cikinsu ake gyara. Kayan jama'a ya fi saurin lalacewa, saboda kowa yana zaton wani ya duba. A watan Agusta 2023, da Najeriya ta yanke wutar da take turo wa Nijar, an ga abin da dogaro da waya ɗaya yake jawowa.

Shi ya sa farantin sola yake ƙara shiga garake da gidaje da rugage. Gyaransa kaɗan ne. Ƙura tana rage masa ƙarfi, a goge shi da tsumma mai laushi da ruwa da sassafe, kafin gilashin ya yi zafi. Inuwar reshe ɗaya ma tana rage wutar. Batir shi ne mai saurin mutuwa. Matuƙan jiragen teku suna da doka: batir mai ruwa ba a shanye shi fiye da rabi. Batir mai bolt 12 in ya cika ya huta, ma'auni yana nuna wajen 12,6. In ya sauko 12,2 ya kai rabi, sai a bar shi ya cika. In ruwansa ya ragu, ruwan batir na kanti ake ƙarawa, ba na rijiya ba. Ruwan da ke ciki yana ƙona fata da tufafi, a nisanta shi da yara.

Jirgi ba ya barin gaɓa sai da akwatin kayan gyara. Na mai garka ƙaramar jaka ta isa: buji ɗaya sabo, sifanar buji, filaya, sukudireba, igiyar tayarwa, robar taya, kwalbar baƙin mai, da littafin nan da alƙalami. Duka ba su kai kuɗin kwando ɗaya na tumatir da ya bushe ba.

In hadari ya fara haɗuwa, a ɗauke inji daga gulbi tun ruwa bai zo ba. Gulbin nan shi ne ya ci tsohon garin Maraɗi a 1945, har aka tashi aka koma tudu, kuma ruwansa yakan iso da dare ko da ba a yi ruwan sama a nan ba. Kafin a ajiye inji a zubar da esansin tanki da na kafireto, don in ya daɗe yana daskarewa kamar ƙaro ya toshe hanya. A kwance ƙusar ƙasan famfo ruwa ya fita. A canza mai, a ɗiga kaɗan a ramin buji, a ja igiya a hankali sau biyu ko uku, a mayar da bujin. A naɗe tiyo a rataye a inuwa inda ɓera ba ya kai. A rufe inji da buhu a ɗora shi bisa dutse ko katako a cikin ɗaki, sannan a rubuta ranar a littafi.