YADDA HANNUN NA'URA KE GANE ABU ZAI SUƁUCE

Duk wanda ya lura da mai sayar da ƙwai a Kasuwar Muda Lawal da ke Bauchi zai ga yana ɗaukar ƙwan ɗaya bayan ɗaya, bai fasa ba, bai kuma yar ba. Dalili kuwa shi ne, a tafin hannun ɗan Adam da yatsunsa akwai jijiyoyin ji kimanin 17,000. Da zarar ƙwai ya fara zamewa sai su kai labari, yatsu su ƙara matsewa. A shekarar 1987, Johansson da Westling, masana a Jami'ar Umea ta ƙasar Suwidin, sun nuna cewa wannan gyaran riƙo yakan fara kafin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa ya wuce.

Hannun mutum-mutumi, wato na'urar da ke aiki a madadin mutum, bai samu wannan baiwa ba tun asali. Na farkonsu a masana'anta, mai suna Unimate, ya fara aiki a kamfanin General Motors na Amurka a 1961, yana ɗaukar ƙarfe mai zafi. Irin wannan hannu, in aka ba shi ƙwai ko tumatir, ko dai ya murƙushe shi, ko ya yi masa riƙon sakainar kashi.

Saboda haka injiniyoyi suka ƙago hanyoyin sa masa ji. Hanya ta farko ita ce a lulluɓe yatsan da roba, a sa ƙaramar na'ura a ƙarƙashinta mai jin karkarwar da abu ke yi in ya fara zamewa. Ta biyu, a riƙa auna ƙarfin matsi da ƙarfin jan da nauyin abin ke yi. In ja ya kusa rinjayar riƙo, kwamfuta ta ba da umarnin ƙara matsewa. Ta uku ta samo asali daga GelSight, wadda aka ƙirƙiro a cibiyar MIT ta Amurka a 2009: kamara a cikin yatsa tana kallon ɗige-ɗigen da aka zana a kan roba mai taushi. Da yake zamewa kan fara daga gefen wurin da aka riƙe, motsin ɗige-ɗigen gefe shi ne gargaɗin farko.

Wannan ilmi bai yi nisa da gida ba. Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi, wadda aka kafa a 1980, tana da sashen da ke koyar da haɗa inji da lantarki da kwamfuta. Ƙasar da tumatir ke lalacewa tsakanin gona da kasuwa tana bukatar na'urorin tantancewa da shirya kaya waɗanda ba sa ƙuje su. Ya kamata iyaye su ƙarfafa wa 'ya'yansu, maza da mata, gwiwar karatun lissafi da kimiyya, domin da su ake ƙera irin wannan hannu.