Haƙorin Roba Marar Ƙarfe: Ƙugiyarsa Tana Riƙewa Kuwa?

Yau maganar masu giɓi za mu yi. Ba wushirya nake nufi ba, wannan ado ce. Ina nufin wanda aka cire wa haƙori ɗaya ko uku, yana so a cike masa gurbin da na roba.

Tambayar da ake yawan turo mini daga Gusau, Tsafe da Bungudu ita ce: wannan mai laushin da ba shi da waya, ba zai faɗo ba ana tsakiyar dariya?

To, ku duba haƙorinku a madubi. Yana da ɗan ciki kamar tulu, sai ya tsuke wajen dasashi. Ƙugiyar da ke jikin haƙorin roba tana tsallake cikin nan ne ta kwanta a ƙarƙashinsa, shi ke nan ta kama. Ta ƙarfe tana da tauri, lungun da bai wuce milimita 0.25 ba ya ishe ta. Ta roba kuwa, saboda laushinta, sai ta samu kamar milimita 0.5, kuma sai an yi ta da faɗi da kauri. Kenan idan haƙoran da ke gefen giɓinka gajeru ne, ko sun miƙe sambal ba ciki, ba ta da abin kamawa.

Ba sabon abu ba ne fa. Tun 1953 aka fito da Valplast a Amurka, da robar nailan.

A ƙarfin riƙo zalla, ƙarfe ya fi. Amma ga mai giɓi ɗaya ko biyu a gaba, wanda sauran haƙoransa ke da lafiya, ta roba tana riƙewa daidai gwargwado, kuma kalar dasashi ce, ba mai ganewa. Ni a nan na fi yarda da ita.

Inda na fi jin tsoronta shi ne wajen turame. Mai ƙarfe yana da ɗan matokari da ke zama a kan haƙori, shi ke ɗaukar nauyin tauna. Na roba zalla yawanci ba shi da shi, duk taunar da ka yi a kan dasashi take sauka. A hankali sai ya nutse, ƙashin ƙasa ya ragu, ƙugiyar ta sauka daga inda aka ɗora ta, ya fara rawa. Kuma gyaransa da wuya: ƙara masa haƙori ko cike cikinsa ba kowane ma'aikaci ke iyawa ba. Shi ya sa a 2014 ƙungiyar likitocin haƙorin roba ta Japan ta ba da shawarar a haɗa ƙugiyar roba da matokarin ƙarfe.

Masu goro, ku ji: robar nan tana shan kala. Burushi mai tauri yana karce ta. Kilishi da rake kuwa, a bi su a hankali. A cire shi da dare a sa a ruwa.

Idan ya saki, kada ka jefa shi a tafasasshen ruwa ka lanƙwasa da kanka, likita ya san gwargwadon da yake matsawa. In za ka shigo Gusau daga Tsafe ko Bungudu, ko FMC za ka ko wani asibitin, kafin a ɗauki awon bakinka ka tambaya: haƙoran gefen nan suna da wurin kamawa? In ya yi sako-sako, a nan za a gyara ko sai an aika wani gari?

Sai mun haɗu a shiri na gaba.