Ciwon da Ido Ba Ya Gani

Kai mai gida, da ke uwar gida, ku saurara.

Mu nan ƙasar Mashi ba mu da nisa da Jibiya da Batsari, inda 'yan bindiga suka tashi ƙauyuka da yawa, har waɗansu mutane suka ƙetara Maraɗi. Kun kuma tuna watan Disamba na 2020, sa'ad da aka kwashe 'yan makaranta fiye da 300 a Ƙanƙara. Watakila yanzu haka akwai ɗan ɗan'uwanka a gidanka wanda ya ga irin wannan tashin hankali da idonsa.

Irin wannan yaro yakan zo jikinsa lafiya lau, amma da miki a zuciya. Ga alamunsa: yakan firgita cikin barci, ya koma fitsarin kwance, ya ƙi abinci, ya yi shiru, ko ya razana in an buga ƙofa. Wannan ba sangarta ba ce. Duka ba ya warkad da shi, sai dai ya ƙara.

To, ina magani? Yaro ba shi da bakin faɗin abin da ya gani, amma hannunsa yana iyawa. A sansanonin gudun hijira na Maiduguri da bakin Tafkin Chadi, ma'aikatan UNICEF sun riƙa tara yara, suna ba su takarda da fensir kyauta, su yi zane, su yi waƙa da wasa. A 2015 har an nuna wa duniya zanen nasu.

Kai ma kana iyawa, ba sai da ko kwabo ba. Ba shi gawayi ya yi zane a bango, ko yumɓu ya gina shanu, ko kara ya yi mota. In ya zana bindiga kada ka tsawata masa. Zauna kusa, ka ce, "Ba ni labarin wannan." In ya ƙi, ƙyale shi, kada ka matsa. Ku bar 'yan mata su fita gaɗa, samari su yi langa. Kaka kuma ta yi musu tatsuniya bayan Lisha, amma a rage ta dodanni tukuna.

In wata guda ya wuce ba sauƙi, ko yaron yana ramewa, lalle ku kai shi asibiti, ku gaya wa malamin asibiti dukan abin da ya faru. Ba abin kunya ba ne.

Ku tuna, ɓoye ciwo ba ya warkad da shi.