Injin wanki mai esansi a ƙasar Adar: kafin a ja igiya, a ƙirga jarkoki

Duk wanda ya ratsa birnin Tawa a watannin hunturu, lokacin da ƙura ke kwanciya bisa kowane abu tamkar an barbaɗa gari, ba zai rasa jin kukan wani ɗan inji ba a wuraren wankin motoci na bakin hanya. Saurayi ne riƙe da bindiga mai dogon baki, ruwa na fita daga cikinta kamar hayaƙi, nan da nan motar da ta sha jar ƙasa ta koma fes. Masu jin Faransanci na kiran kowane irinsa Kärcher, ko da kuwa a Sin aka ƙera shi, domin wani Bajamushe mai suna Alfred Kärcher ne ya fara ƙera irinsa mai ruwan zafi a Turai a shekarar 1950, sunansa kuma ya bi injin har yau.

Ba abin mamaki ba ne in ɗan kasuwa, ko ma'aikacin gwamnati, ko ɗan ci-ranin Barmu da ya saba ganin injin a Abijan ko a Libiya, ya yi sha'awar kai shi gidansa. Mai aiki da esansi ne ya fi jan hankali, saboda bai dogara da wutar NIGELEC ba, jama'a kuwa ba su manta da duhun da aka sha ba bayan da Nijeriya ta yanke wa Nijar wuta a watan Agusta na 2023. Sai dai an ƙera wannan inji ne domin ƙasashen da ruwa ya wadata, gidajensu kuma na siminti ne ko na jan bulo. A Barmu da sauran garuruwan da ke arewacin Tawa, ruwa kaya ne mai tsada, mafi yawan bangaye kuma na ƙasa ne. Waɗannan abubuwa biyu ya kamata mai saye ya auna tun kafin ya tambayi farashi.

Lissafin ruwa

Ruwan pampo na gida yana zuwa ne da matsi na bar 2 zuwa 4. Injin esansi irin wanda ya fi yawa a kasuwa, mai ƙarfin doki 6 da rabi, wato ƙirar Honda GX200 da masu kwaikwayonta, yana ɗaga wannan matsi zuwa bar 150 ko 200, yana kuma fitar da litar 8 zuwa 12 a kowane minti. A ɗauka litar 10 ce. Jarka mai litar 20 ta ƙare ke nan cikin minti 2, tano mai litar 200 cikin minti 20. Wanda ya yi awa guda hannunsa na bisa kunamar bindiga ya zubar da litar 600, wato jarka 30. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ɗauki litar 20 a matsayin mafi ƙarancin abin da mutum ɗaya ke bukata a yini domin sha da girki da ɗan tsabta. Awa guda ta wankin tsakar gida, ruwan mutum 30 ne.

Dillalai kan ce injin yana tsimin ruwa, kuma ba ƙarya suka yi ba, illa dai ba su faɗi da me suka gwada shi ba. In an gwada shi da tiyon da aka sake yana kwarara tun daga farkon wanki har ƙarshe, kamar yadda ake yi a Turai, to, lalle yana tsimi. Amma mutumin Adar ba da tiyo ya saba wanki ba. Da bokiti da tsumma ya saba, kuma babu injin da ya kai bokiti tsimi. A yankin da ruwan sama na shekara bai cika kai milimita 400 ba, inda rijiyoyin burtsatse ke nutsawa ɗaruruwan mitoci kafin su tarar da ruwa, inda kuma mata da yara ke kwana a layin pampo a watannin bazara, wannan bambanci ba ƙarami ba ne.

Esansi shi ne mai sauƙin lissafi. Injin yana shan litar 1 da rabi zuwa 2 a awa, kuma a watan Yuli na 2024 gwamnati ta rage kuɗin lita daga sefa 540 zuwa 499. Mai sayen ruwa wajen ƴan garuwa ya ninka kuɗin jarka sau 30, ya kwatanta da kansa.

Akwai kuma batun tsabtar ruwan. Pampon injin yana da ƙananan bawul da robobi waɗanda yashi ke cinyewa kamar yadda dutsen niƙa ke cin hatsi. Ruwan tabki ko na rijiya mai laka, sai an bar shi ya kwanta a tano, a kuma sa matata a bakin tiyon da ke shiga. Inda babu pampo, a ɗora tanon bisa wuri mai tudu domin ruwa ya gangaro da kansa, saboda yawancin ƙananan injunan ba sa iya zuƙo ruwa daga ƙasa.

Bakuna biyar, launi biyar

Injin kan zo da ƙananan bakuna biyar da ake maƙalawa a ƙarshen sandar bindiga, kowane da launinsa. Launin ba ado ba ne, yana nuna faɗin da ruwa zai yi in ya fito. Ja bai da faɗi ko kaɗan, sifili ne, ruwa na fita cikinsa tsinin allura. Mai ruwan ɗorawa yana buɗewa digiri 15, tsanwa 25, fari 40, baƙi kuwa 65, shi ne mai rauni, kuma da shi ake fesa sabulu. Gwargwadon ƙuncin baki, gwargwadon cizonsa.

Kuskuren sabon shiga shi ne ya ɗauki ja, don ganin shi ya fi ƙarfi. Jan baki yana zana layi a bisa siminti, yana ɓare fentin mota, yana tsaga itacen ƙofa, yana raunata gefen taya ta yadda ba za a gani ba sai ran da ta fashe a hanya. A aikin gida bai da wurin zama, gara a cire shi a ɓoye inda yara ba za su gani ba. Mai ruwan ɗorawa na daɓen siminti ne mai ƙwari da bakin mai ya ɓata, ko ƙarfen da za a kankare kafin fenti. Tsanwa shi ne na yau da kullum: daɓen tsakar gida, barandar kanti, ƙafafun mota, bayan babbar motar da ta ɗauko dabbobi daga kasuwa. Fari na jikin mota ne, da gilashi, da daɓen karo, da darduma da tabarmar roba. Ko da wane baki ne, a fara daga nesa, kamar taki guda, a riƙa matsowa sannu a hankali, kada a kusanci fenti ko taya fiye da santimita 30, a kuma gwada a wani lungu da ido bai cika kai wa ba.

Cikin kayan da ake saye dabam, biyu ne suka cancanci kuɗinsu. Na farko wani faifai ne da ake turawa bisa daɓe, ƙarƙashinsa bakuna biyu na juyawa. Yana gama fili da sauri, wanda hakan ragin ruwa ne, kuma murfinsa na hana ruwa fantsama zuwa gindin bango. Na biyu kwalbar kumfa ce, wadda ke shimfiɗa sabulu ya jiƙa dauɗa kafin a ɗauraye. Baki mai juyi, wanda ake kira turbo, jan baki ne da ke kewayawa, don haka sai bisa kankare zalla. Ruwan jabel kuwa kada a bari ya bi ta cikin pampo, yana kashe robobinsa.

Bangon ƙasa ba abin wasa ba ne

Mutanen Adar ba sa bukatar a yi masu bayanin abin da ruwa mai gudu ke yi wa ƙasa. Koramun da suka tsaga gonaki suna nan, kuma saboda su ne aka yi shekaru ana jera duwatsu da gina madatsai a ƙarƙashin aikin raya karkara na Kaita tun daga 1984. Abin da korama ke yi wa gona a damina guda, injin nan zai yi wa bango a cikin minti kaɗan. Katangar ƙasa, rumbu, daɓen ƙasa, rufin soro, babu bakin da ya dace da su, ko fari ko baƙi. Tsintsiya ce maganinsu, sai yaɓe in lokacinsa ya zo.

Wanda ya fi ruɗi shi ne ginin ƙasa da aka yi wa yaɓen siminti, irin wanda ya cika unguwannin Tawa da manyan garuruwa. A ido kamar na bulo yake, alhali simintin ɓawo ne kawai. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwa mai matsin bar 150 ya fi ƙadangare iya shiga tsaga. In ya shige bayan yaɓen sai ya jiƙa tubalin da ke ciki, simintin kuma ya hana shi bushewa. Mai gida ba zai ga komai ba ran nan. Sai bayan makonni yaɓen ya kumbura, ya saki bango, ya zubo falle-falle. Mai shakkar irin gininsa ya ƙwanƙwasa bangon: in ya ji amon rami, ya nisanta bindiga daga wurin.

Haka nan farantan sola da suka yawaita bisa rufi. Matsi na lalata robar da ta rufe gefunansu, ruwan sanyi bisa gilashin da ya sha rana kuma na iya fasa shi. Bokiti da tsumma mai laushi da sanyin safiya sun wadatar. A jikin moto, a kauce wa buji, da karburato, da sarƙa, da cibiyar ƙafafu, domin ruwa na korar man da ke cikinsu. A mota, a yi hattara da ƙananan haƙoran radiyato da wayoyin inji.

Tayarwa da kashewa

Tsarin ba shi da wuya, amma bai son a tsallake mataki. A duba bakin mai tukuna. A haɗa tiyo, a saki ruwa, a danne kunama har iskar da ke ciki ta fita ruwa ya zo sosai, kana a buɗe esansi a ja igiya, kunama na danne domin igiyar ta yi sauƙi. Abubuwa biyu ke kashe pampo: aiki babu ruwa, da barin inji na kuka an saki kunama fiye da minti biyu, saboda a lokacin ruwan yana kewaya ne cikin pampo yana ɗaukar zafi. Wanda aka kira a waya ya kashe injin. Bayan an kashe, matsi na nan maƙale a tiyo, sai an sake danne kunama ya fita kafin a kwance wani abu ko a canza baki. Bakin da bai zauna daram ba kan fita kamar harsashi, shi ya sa ake fara nuna bindiga ƙasa.

Ana juye bakin mai bayan awa 20 na farko, daga nan kowace awa 100. Matatar iska kuwa, a ƙurar Adar, duba ta kusan kullum ne. Esansin kwalba na ƴan ruwa-ruwa a tace shi da ƙyalle mai tsabta, wanda ya rage a tanki kuma kada ya yi watanni a ciki, yakan yi danƙo ya toshe karburato.

Haɗari biyu ne ba a cika ɗauka da muhimmanci ba. Hayaƙin injin na ɗauke da iskar guba wadda ba ta da launi ko wari, mai iya kashe mutum a ɗaki, ko zaure, ko gareji, ko da ƙofa na buɗe. A fili kaɗai ake tayar da shi. Na biyu, ruwan kansa. Likitoci sun nuna cewa matsin bar 7 ya isa ya huda fata, injin nan kuwa ya ninka haka sau ashirin. Raunin kan zama ɗan ɗigo tamkar sukar ƙaya, amma ruwa da dauɗa sun riga sun shige cikin nama, kuma jinkiri na iya jawo asarar yatsa. Wanda abin ya sama ya nufi likita nan take, ya faɗi abin da ya same shi dalla-dalla, ko da za a tura shi babban asibitin Tawa. Wanke ƙafa da bindiga, ko wasa da ita tsakanin yara, ko wanke rago da doki, duk ganganci ne. Takalmi rufaffe da tabarau wajibi ne, hawa tsani da bindiga a hannu kuma haramun ne ga mai son ƙashinsa, domin tana tura mai riƙe da ita baya.

Ɗan kasuwa mai manyan motoci, ko mai kanti da faffaɗan daɓe, ko mai niyyar buɗa wa ƙanensa wurin wanki a gefen pampon da ba ya yankewa, zai ci moriyar injin. Ma'aikaci mai mota ɗaya da tsakar gida ta yashi, ya fi masa riba ya kai motar wurin masu wanki, ko ya yi hayar injin sau biyu a shekara, gabanin salla da bayan hunturu. Ko wane ne daga cikinsu, tun kafin ya ja igiya ya dubi inda ruwan wankin zai bi. In ya kwanta a gindin katangar maƙwabci, magana ce da za ta iya kai wa gaban mai gari. In ya taru a titi, sauro ya samu gida. Ɗan rami da aka cika da tsakuwa, nesa da bango, ya isa ya shanye ruwan sabulu da mai. Ruwan ɗauraya wanda babu sabulu a cikinsa kuwa, a yi masa ƴar hanya zuwa gindin dogon yaron da ke ƙofar gida.