Gargaɗi: kada manhajar da ba a gwada ba ta fita daga hannunku

Ɗalibai masu karatun kwamfuta, da malaman da ke sa musu hannu, ku dakata tukuna. Wata ɗabi'a na neman zama jiki a jami'o'inmu: a haɗa manhajar aikin kammala karatu, yanzu ma har a sa ChatGPT ya rubuto rabinta, a danna maɓalli biyu a gaban malamai, a ce "ta yi." Babin gwaji kuwa sai daren ƙarshe, a cika shi da hotunan allo. Waɗannan ɗaliban ne gobe za su rubuta manhajar asibiti da ta albashi da ta masu POS.

A 1999 hukumar gidan waya ta Birtaniya ta fara aiki da manhajar lissafi mai suna Horizon, ta kamfanin Fujitsu. Manhajar ta riƙa nuna giɓin kuɗi a rassan da ba a taɓa ko sisi ba. Zuwa 2015 an gurfanar da masu kula da rassa sama da 900 bisa zargin sata ko murɗe lissafi. An ɗaure wasu, wasu suka karye wajen biyan kuɗin da ba su ci ba, sai a 2019 kotu ta tabbatar cewa manhajar na da kurakurai. Duk wanda ya taɓa ganin mai POS yana rantsuwa cewa kuɗi ba su shigo ba, abokin ciniki kuma yana nuna masa saƙon cire kuɗi a wayarsa, ya san ba a Turai kaɗai irin wannan ke faruwa ba.

Gwaji na gaske shi ne ka nemi karya abin da ka gina da gangan. A gurbin kuɗi, sa sifili, sa lambar da ke ƙasa da sifili, sa harafi. A gurbin kwanan wata, sa 29 ga Fabrairu. A gurbin suna, rubuta Sa'adatu ko Mu'azu: wannan ɗan waƙafin sama kaɗai ya isa ya rikita umarnin SQL da aka rubuta da ganganci, kuma ta wannan ƙofar masu kutse ke shiga rumbun bayanai. Gwada Ɗanladi ma, ka ga ko ɗ ba za ta koma alamar tambaya ba. Danna "aika" sau biyu a jere. Katse intanet ana tsakar biyan kuɗi.

Sannan a rubuta gwaje-gwajen nan da JUnit ko pytest, a sake gudanar da su duk sa'ad da aka taɓa layi ɗaya, domin gyaran yau kan tayar da ɓarnar da aka toshe jiya. Ranar 19 ga Yuli 2024 sabuntawa ɗaya tak daga kamfanin CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutoci masu Windows kusan miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi, asibitoci suka ɗage tiyata.

Malamai, tun daga zangon nan: ranar kare aiki ku karɓi kwamfutar daga hannun ɗalibi, ku miƙa wa abokin karatunsa ya yi mata minti goma yana neman kayar da manhajar. Aikin da ya zo ba tare da gwajinsa ba, a mayar wa mai shi ya je ya ƙarasa.