Muhimmancin Giɓin Zoben Fistan a Gyaran Injin Babur

Fistan ɗin babur irin Bajaj Boxer yana ɗauke da zobba uku, waɗanda makanikai ke kira ringi. Biyun sama suna tsare matsin iska, na ƙasa yana share baƙin mai daga bangon silinda. Kowane zobe yana da ɗan giɓi, domin ƙarfe na buɗewa idan ya ɗauki zafi. In giɓin ya yi kaɗan, zoben zai cije ko ya karye. In ya yi yawa, babur zai rasa ƙarfi. Shi ya sa ake auna giɓin cikin silinda kafin ɗaurawa, sannan a rarraba giɓoɓin kewaye da fistan, kimanin digiri 120 tsakaninsu, kada su jeru iska ta sami mafita.